Alat ba albashi ba ne sai ya shiga tukunya

Ƙanwata malama ce a wata makarantar kuɗi a nan cikin garin Sakkwato, ba zan faɗi sunan makarantar ba. Ƙarshen watan jiya mai makarantar ya tara su a ofis ya ce daga yau babu sauran biyan albashi ta banki ko a hannu, kowa ya je ya sauke manhajar tura kuɗi kaza a wayarsa ya kawo lamba, kuma manhaja ɗaya tal ya yarda da ita, wadda shi yake amfani da ita. Na ce mata to ke ba ki ce komai ba? Ta ce "Yaya mi za ni ce, cewa yay yi wanda bai buɗe ba shi jira wata mai zuwa." Albashin nata dubu 35 ne, ko rabin mafi ƙarancin albashi na dubu 70 ɗin da Tinubu ya sa wa hannu a 2024 bai wuce ba, amma wannan wani zancen ne daban.

Abin da ya fi ba ni haushi ma ba mai makarantar ba ne, 'yan bokon da ke tafa wa irinsa ne. Da ka yi magana sai su ce ai ci gaba ne, duniya ta bar takardar kuɗi, mu ne kawai 'yan Arewa ba mu son canji. To ci gaban wa? Shi dai mai biya ya huta, yana kishingiɗe a falo ya danna waya sau ashirin ya sallami ma'aikata ashirin, ba kashiya, ba ambulan, ba zuwa layi a banki. Wahalar da ya sauke ba ɓacewa ta yi ba, kan ma'aikaci ta koma.

Ku bi kuɗin ƙanwar nan tawa ku gani. Alat ya shigo da la'asar, ta yi murna. Mai Keke Napep da ke kai ta makaranta tsabar kuɗi yake so, tsohuwar da take sayen daddawa da kuka wurinta a kasuwa ba ta ma san mene ne taransifa ba, uwar adashi ta ce ita ba ta karɓar kuɗin iska, kuɗin tara na yara da safe kuma ba a tura shi ta waya. Dole ta je wurin mai POS, a unguwarmu ɗari biyu ake cire wa kan kowace dubu goma, in gari ya yi ƙarancin kuɗi kamar gab da Sallah ya ƙara yadda ya ga dama kuma ba ka da ta cewa. Ga harajin naira 50 kan taransifar da ta kai dubu 10 wanda tun Disamba 2024 ya shafi manhajojin nan su ma. Ga data, don manhaja ba ta buɗewa da addu'a. Wanda ke ɗaukar dubu ɗari biyar zai yi dariya ya ce nawa ne duka-duka, amma ga mai dubu 35 wannan kuɗin cefanen yini ne aka yage masa, kuma ba a rubuta shi ko'ina a matsayin ragin albashi ba.

Kar wani ya ɗauka ni maƙiyin manhajojin nan ne. Ban manta farkon 2023 ba lokacin canjin kuɗin Emefiele, mutane na kwana bakin ATM, manhajojin manyan bankuna na ta juyawa kamar fanka ba sa tafiya, su OPay da PalmPay da Moniepoint ne suka riƙe masu shago da masu nama da 'yan kasuwa, ni kaina da su na ci abinci a watannin nan. Masu cewa wai ba banki ba ne wata rana za su gudu da kuɗin mutane, su fara tambayar waɗanda ke da ajiya a Heritage Bank, banki mai gini da masu gadi, da Babban Bankin Najeriya, CBN, ta ƙwace lasisinsa a Yunin 2024. Masu son a koma biya kan tebur kuwa, ai a kan tebur ɗin ma'aikatan bogi suka yi ƙiba, ba na ɓata lokaci a kansu.

Magana ta ita ce zaɓi. Albashi haƙƙin wanda ya yi gumi ne, shi ya kamata ya ce ga inda za a zuba masa. Wane dalili zai sa mai gida ya ɗaure ma'aikatansa gaba ɗaya a manhaja ɗaya? A watan Afrilun 2024 CBN ta wayi gari ta hana OPay da PalmPay da Kuda da Moniepoint ɗaukar sabbin kwastomomi, sai wajen Yuni aka sake su. Ka ɗauka a tsakanin nan aka ɗauke ka aiki a wurin da ya ce sai manhaja kaza ko ba albashi, ya za ka yi?

Sannan masu tafin nan kamar sun manta a wace jiha suke. A Satumbar 2021 zamanin Tambuwal an kashe sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan saboda 'yan bindiga. Mutumin da duk abin da ya mallaka ke cikin waya, a irin wannan rana me yake da shi? Ko yanzu da ba a kashe komai ba, je ka wasu ƙauyukan gabas wajen Isa ko Sabon Birni ka ga yadda ake neman tudu ana ɗaga waya sama don saƙo ya shigo. Wanda ke zaune Abuja yana rubuta mana huɗubar ci gaba bai taɓa tsayawa gaban mai shago da mudun shinkafa an riga an ɗaure a leda, taransifa ta fita daga wurinsa ba ta isa ba, mutane na kallonsa kamar ɗan damfara.

Akwai kuma wanda ba a son faɗa. A wasu manhajojin lambar wayarka ita ce lambar asusunka, duk wanda ya san layinka ya san akawun ɗinka, kuma yaran nan masu ƙwacen waya yanzu ba wayar ce ta dame su ba, layin suke so. Dattijo mai gadi da bai iya karatu ba, ɗan POS yake miƙa wa wayar ya faɗa masa lambar sirri da ƙarfi kowa na ji. Ka buɗe manhaja don duba albashi, kafin ka ga kuɗinka an tare ka da tallan bashi na nan take, ga wani sashe na ajiya mai ba da ruwa kullum, a garin Shehu fa, inda mutum zai iya danna abin da bai gane ba ya wayi gari yana cin riba bai sani ba. Wa ya zaunar da ma'aikatan nan ya yi musu bayani kafin a tura su? Babu. An dai ce su kawo BVN da NIN shi ke nan.

Abin da nake ganin ya dace ba wani mai wuya ba ne, a bar kowa ya kawo asusun da yake so, banki ne ko manhaja, kuma wanda ya tilasta hanya to ya ɗora kuɗin cira a kan albashin tunda shi ya ci moriyar sauƙin. Ƙungiyar ƙwadago ta NLC reshen jiha ma ta daina yin kamar ma'aikacin gwamnati ne kaɗai ma'aikaci, malaman makarantun kuɗi da yaran gidan mai da masu gadi su ma ƙarshen wata suke jira.

Jiya na sake tambayar ƙanwar tawa ko an samu sauyi. Ta ce wata abokiyar aikinsu da ba ta da babbar waya lambar mijinta ta bayar, yanzu albashinta wayarsa yake shiga, shi ke gaya mata nawa aka turo.