Littafin tafiya da aka kulle cikin gilashi

Jama'a, yau maganata kan littattafan da masu zane ke ƙirƙira ne, irin waɗanda takardarsu da ninkinsu da girmansu duk suna cikin saƙon. Guda biyu zan kawo, dukansu na tafiya, kuma tun yanzu ku sani ina bayan na biyun.

Na farko a Faris aka yi shi, 1913. Blaise Cendrars, marubucin waƙa haifaffen Suwizalan, ya tsara doguwar waƙa kan jirgin ƙasan da ke tashi daga Mosko ya ratsa Siberiya har birnin Harbin na ƙasar Sin, ita kuma mai zane Sonia Delaunay ta zuba mata launuka. Littafin a ninke yake, in ka warware shi, tsawonsa ya kusa mita 2. A can sama taswirar layin dogon ce. Rubutu yana dama, launi yana hagu, ja da shuɗi da kore suna ta kewaya juna, idonka na gangarowa har ƙasa inda ƙaramar hasumiyar Eiffel take tsaye, ja wur. Kwafi 150 suka yi niyyar bugawa, wai in an jera su tsawonsu ya yi daidai da na hasumiyar, mita 300. Ba su cika adadin ba. Har yau ma ana tababar ko Cendrars ya taɓa hawa jirgin, amma dai kun san halin mawaƙa.

Kyau kam ba a magana. To yanzu ina yake? Yana gidajen tarihi da ɗakunan ajiyar manyan jami'o'i, an miƙe shi an rufe da gilashi, ko an rataye a bango. Alhali tafiyar tana cikin warwarewar ne: ka buɗe ninki ɗaya ka karanta, ka buɗe na gaba ba ka san abin da zai fito ba. Wanda ya gan shi a miƙe gaba ɗaya, an kai shi tasha bai hau jirgi ba.

Na biyu aikin Ed Ruscha ne, ɗan Amurka, 1963, sunansa Twentysix Gasoline Stations. Hotuna ne marasa launi na gidajen mai 26 a kan hanyar Route 66, tsakanin Los Angeles inda yake zaune da Oklahoma City inda ya tashi. Kowane hoto ba a rubuta masa komai ba sai sunan gidan man da garin. Ba dutse mai ban sha'awa, ba faɗuwar rana, famfon mai kawai da rumfa da allon kamfani. Ya aika wa babban ɗakin karatu na majalisar Amurka kwafi, suka mayar masa da abinsa. Shi kuwa ya sayi fili a mujallar zane-zane ta Artforum ya yi tallar littafin da wannan korar da aka yi masa.

Na san wani zai ce wannan ai raini ne, kowa ma zai iya. Ni kuwa ina ganin ya fi faɗin gaskiya. Tambayi direban da ke kwana a hanya me ya riƙe daga tafiyarsa. Zai lissafo maka inda ya sha mai, inda famfo ya ƙi aiki, inda fasinja suka sauka suka miƙe ƙafa. Wurin da babu mai ɗaukarsa hoto shi ne rabin tafiyar.

Abin da ya fi ja na ma shi ne yadda ya buga shi. Kwafi 400 da farko, a takarda ba ta alfarma ba, da araha. Ya ƙara 500 a 1967, ya ƙara 3,000 a 1969, bai damu da masu son abu ya yi ƙaranci don ya yi tsada ba. So yake a sa a aljihu, a juya shafi da hannu mai gumi. Duk da haka masu tara kaya sun cim masa: bugun farkon yanzu sai mai kuɗi, shi ma ya shiga gilashi.

Roƙona ga masu kula da irin waɗannan ɗakuna: ku ajiye na asalin, babu mai jin haushi, amma ku buga kwafi mai ninki iri ɗaya ku ɗora a tebur. In ya yage ku sake wani.