Lambar yabo ba ta zuba wa babur mai

Duk ƙarshen shekara haka ake yi a Bauchi. A kama babban ɗakin taro a otal, a buga katin gayyata mai ƙyalli, a ɗauko mai gabatarwa mai zaƙin baki, sannan a shiga rabon allon katako da aka rubuta wa “Jakadan Zaman Lafiya”. Ka duba jerin sunayen: ɗan majalisa, kwamishina, shugaban ƙaramar hukuma, sai alhajin da ya biya kuɗin ɗakin. A ƙarshe a kira malami ɗaya da fasto ɗaya su riƙe hannun juna don hoto ya yi kyau. Ba ƙyashi nake yi ba, Allah ya ƙara musu. Tambayata guda ce: daren da jita-jita ta tashi a unguwar Yelwa ko Gwallameji, wayar wa a cikinsu ta yi ƙara da ƙarfe biyu na dare?

Mu nan ba sai an ba mu labarin wuta ba. A Afrilun 1991 rikicin Tafawa Ɓalewa, wanda aka ce a kan nama ya fara, ya tsallako har cikin garin Bauchi. Ya sake dawowa a 1995 da 2001 da 2011. An yi na Yelwa a Disambar 2007. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na 2011 an kashe matasa masu yi wa ƙasa hidima a jihar nan. Maƙwabtanmu na Gombe sun ga nasu a Ɓilliri a Fabrairun 2021 kan sarautar Mai Tangale. Irin waɗannan ana ƙirga gawa, ana ƙirga gidajen da aka ƙona, a kafa kwamiti ya rubuta rahoto. Rikicin da aka kashe tun yana hayaƙi kuwa ba shi da rahoto, ba shi da ranar tunawa. Shi ya sa mai sulhun gaskiya ba shi da takardar da zai nuna, kuma shi ya sa masu raba lambar yabo ba sa ganinsa.

Bari mu kalli aikin kusa-kusa. A ce mai Keke Napep ya buge yarinya a bakin makaranta da la'asar, shi Musulmi, ita Kirista, ko akasin haka. Kafin a ɗaga ta daga ƙasa labari ya kai layi na uku cewa ta mutu, kuma da gangan aka yi. Wanda ya san aikin ba ya tsayawa wa'azi. Da farko ya janye direban daga cikin taro, ya cusa shi wani gida mai ƙofar ƙarfe ko ya miƙa shi caji ofis, don muddin yana tsaye a wurin akwai abin jifa. Sai ya sa a kai yarinya asibiti tare da ɗan uwanta ɗaya da mutum ɗaya daga ɓangaren direba, kuma na ɓangaren direban ne zai yanki kati da kuɗinsa a gaban idon dangi. Daga nan ya kira takwaransa na ɗaya addinin, su je asibitin tare su gani da idonsu. Kowannensu ya yi saƙon murya da bai kai minti ɗaya ba, ya faɗi sunansa, ya ce ga ni a asibiti, yarinya tana da rai, direba yana hannun hukuma, a tura wa zaurukan WhatsApp na unguwa. Dattawa biyu ko uku su je su zauna a mahaɗar da samari ke taruwa. Zama kawai. Yaron da ya ga kawunsa a kan benci da wuya ya ɗauki gora.

Duk wannan cikin sa'a guda ake yinsa, kuma ƙananan abubuwa ne ke ɓata shi. Wayar liman ba kati. Lambar faston tana tsohuwar wayar da ta lalace. Wani mai kyakkyawar niyya ya hau lasifikar masallaci ko ya kaɗa ƙararrawar coci don ya kwantar da hankali, sai ya tara mutanen da da suna gida. Mafi muni, mai sulhun ya furta wanda ke da laifi tun bai gani ba. Daga nan ya zama ɓangare, ba wanda zai ƙara saurarensa a ɗaya gefen. Idan kuma abin ya faɗo ranar Alhamis ko Asabar, akwai sauran aiki da dare: a bi limamai da fastoci a daidaita abin da za a faɗa a huɗuba da wa'azin safe.

A karkara kuwa, irin su Alkaleri, Ganjuwa, Ningi da Toro, jarrabawar tana zuwa da kaka, lokacin da amfani ke gona shanu kuma sun juyo. Idan an yi ɓarna, sammako ake yi washegari tun sawun kofato bai ɓace ba, a tafi da mai unguwa da sarkin noma da ardo, a bi sawu har ruga don kada a ɗora wa wanda ba shi ba ne. A ƙirga kunyoyin da aka cinye, a duba abin da kunyoyin da ke kusa waɗanda ba a taɓa ba suka yi, a fitar da kiyasi da dami ko mudu. Wurin da aka fi yin faɗa shi ne farashi. Manomi zai ce a biya shi da kuɗin bazara, don sai lokacin zai sayar. Makiyayi zai ce ai yanzu kaka ce. Gogaggen mai sulhu yakan kauce wa wannan ya ce a biya da hatsi, mudu da mudu. A sa ranar kasuwa ta zama wa'adi, a samu mai tsayawa, a rubuta takarda kwafi uku kowa ya dangwala. Ba a tsare shanu kwana da kwanaki, musamman masu shayarwa, don idan maraƙi ya mutu an buɗe sabuwar shari'a. Idan kuma gonar a kan burtali take, dole ya faɗa wa manomi a gaban jama'a, ko da ɗan ɗakinsu ne. Nan ake gane mai sulhu da ɗan amshin shata.

Mata kuma su ne aka fi mantawa. Je ka tambayi 'yan ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN ko Zumuntar Mata ta cocin ECWA da COCIN wace ce ke bin bazawara har kotu don ta karɓi tumunin takabarta, ko ta hana dangin miji kwashe kayan marayu. Akwai kuma matashin da ya haddace cewa beli kyauta ne, ya san sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 bai yarda a tsare mutum fiye da kwana ɗaya ko biyu ba a kai shi kotu ba, ya san hanyar ofishin ba da lauya kyauta ga marasa ƙarfi. Irinsa yakan wuni a bakin caji ofis saboda ɗan wani, ya koma gida a ƙafa.

Na san za a ce ai ana karrama irinsu, a kawo misalin Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, wanda ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kiristoci, a masallaci da gidansa a Yunin 2018. Gaskiya ne. Amurka ta ba shi lambar yabo a 2019, Najeriya ta ba shi lambar girmamawa ta MON a 2022. Haka Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye na Kaduna, da suka bar gaba suka fara aikin sulhu tare a 1995, duniya ta san su. Sun cancanta ƙwarai. Sai dai ka lura, an gan su ne saboda jini ya riga ya zuba. Wanda ya hana shi zuba a unguwar Zango ko Fadaman Mada a nan Bauchi fa?

To, a karrama su. Amma jarin mai sulhu amana ce, kuma karramawar da aka yi da garaje tana iya cinye wannan jari a yini ɗaya.

Zaɓen wanda za a karrama tukuna. Kada a tambayi mutanensa, a tambayi ɗaya gefen. Kiristocin unguwa su faɗi limamin da suke kira idan hankali ya tashi, Musulmi su faɗi faston da suka yarda da maganarsa, manoma su faɗi ardo, Fulani su faɗi sarkin noma. Duk sunan da ya fito, a nemi shari'u uku da ya raba, kowace da shaida daga ɓangarori biyu, kuma lallai a samu ko mutum ɗaya da hukuncin bai yi masa daɗi ba amma ya ce ba a zalunce shi ba. A sa sharaɗin aƙalla shekara biyar yana yi, don a tace waɗanda suka shigo da zuwan ƙungiyoyi masu ba da kuɗin zama. Kun san su: yau suna bita a Jos, gobe a Abuja, jakarsu cike da takardar shaida, amma ko faɗan kishiyoyi ba su taɓa rabawa ba. Fom ɗin intanet da cika shi da Turanci kuwa, wannan hanya ce ta korar waɗanda ake nema.

Kafin a sanar, a same shi shi kaɗai a tambaye shi. Wasu aikinsu a ɓoye yake tafiya. Dattijon da samari ke tsegunta wa inda ake tara makamai, ranar da hotonsa ya fito yana gaisawa da jami'an tsaro, ranar bakin kowa ya rufe, wataƙila ma rayuwarsa ta shiga haɗari. Idan ya ce a bar shi, a bar shi, a kai masa abin da za a kai da dare.

Hannun da zai miƙa ma abin dubawa ne. Ɗan siyasa mai neman kujera kada ya taɓa, musamman shekarar zaɓe, don gobe za a ce malam ɗan jam'iyya kaza ne. A yi a ƙofar hakimi ko filin firamare, inda kowa zai iya zuwa ba tare da ya shiga wurin ibadar wani ba. A riƙa karramawa biyu-biyu, liman da faston da suke aiki tare, ardo da sarkin noma, don idan aka ɗaga ɗaya aka bar ɗaya an shuka abin da ake gudu.

Sai abin da za a bayar. Ambulan mai kauri a bainar jama'a fitina ce. Kafin magariba an ce an saye shi, washegari masu neman rance sun yi layi, abokan aikinsa na kwamiti kuma sun fara tambayar nasu kason. Kwamitocin unguwa da yawa kuɗi ne ya watsa su, ba rikici ba. Abin da ke amfani ƙanana ne masu ɗorewa: lita goma na fetur a wata, katin waya, gyaran babur sau biyu a shekara, tocila mai caji, babban littafi mai bango da tawadar dangwale. A yi wa shi da iyalinsa rajista a shirin taimakekeniyar lafiya na jiha. A ɗauke masa kuɗin makarantar yaro ɗaya, a biya kai tsaye ga makarantar. Kuɗin ya fito daga masallaci da coci da 'yan kasuwar unguwa gaba ɗaya, ma'aji biyu su riƙe, a karanta lissafi duk wata uku. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, kuma ni dai ban ga godiya a bar mutum yana cin bashin mai don ya raba mana faɗa ba.

Abin da ya fi duk wannan shi ne a tsaya wa maganarsa. Mutum ya kwana uku yana sasanta rikicin fili, an dangwala, an yi addu'a, sai wani babba ya ɗaga waya ɗaya ya rushe komai saboda yaronsa ne ya sha ƙasa. Sau biyu aka yi masa haka ya gama yawo, jama'a za su koma neman mai uwa a gindin murhu. Maganinsa, kwafin kowace yarjejeniya ya je wurin hakimi, wadda kuma ta riga ta shiga kotu a mayar wa alƙali ya shigar da ita a matsayin hukunci, yadda ba mai tayar da ita da waya.

Akwai iyaka, kuma gara a faɗa. Fyaɗe da kisa ba na zaure ba ne. Duk wanda ya karɓi 'yan kuɗi ya rufe maganar yarinyar da aka lalata da sunan rufin asiri, ko rawaninsa ya kai ina, a cire sunansa daga jerin. Aikinsa a nan ya hana ɗaukar doka a hannu, ya sa a kai yarinya asibiti a ranar, ya raka iyaye wurin hukuma.

Yawancin waɗannan mutane sun manyanta. Lambobin ardo, DPO, shugabar mata, sarkin pawa da shugaban 'yan Keke duk suna cikin 'yar ƙaramar waya mai madannai da aka ɗaure da roba, tarihin wace gona ta yi iyaka da wace kuma yana cikin kansu. Duk unguwar da za ta karrama dattijonta bana, ta haɗa shi da matasa biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, masu riƙe masa littafi suna binsa duk inda aka kira shi. Aikinsu na makon farko su zauna da shi a zaure su kwafe lambobin nan a takarda.