Kakarsu da tamu ba ɗaya ba ce

Mahaifin wata abokiyar aikina ya rasu a ƙarshen Satumba, amma sai da Oktoba ta yi nisa aka kira mu jana'iza. Haka suke yi a nan Ingila: gawa na ajiye a ɗakin sanyi makonni, dangi na duba ranar da kowa zai samu sarari. Inda aka taru ba coci ba ne, ɗakin ƙona gawa ne mai shimfiɗe da kafet, ga labulen da ke rufe akwatin da kansa in an danna maɓalli. Ba wanda ya yi addu'a. 'Yar mamacin ce ta miƙe da takarda ta karanta waƙar da mawaƙin Ingila John Keats ya yi wa lokacin kaka, aka watse.

Wallahi waƙar ta taɓa ni. Keats ya rubuta ta a Winchester ranar 19 ga Satumba 1819, bayan ya dawo daga yawo ta gefen gonakin da aka girbe. Baiti uku ce. Na farko duk albarka: tuffa ta yi wa reshe nauyi har ya sunkuya, ƙudan zuma sun cika saƙa har sun ɗauka ɗumi ba zai ƙare ba. A na biyu kaka ta zama mutum, tana zaune a masussuka iska na kaɗa mata gashi, ko barci ya kwashe ta a kunyar da ba a gama yankewa ba. A na uku rana ta yi ja a kan guntayen kara, ƙananan ƙwari na kuka a bakin rafi, tsattsewa na taruwa a sama. Bai ambaci mutuwarsa ba ko sau ɗaya. Amma tarin fuka ya ɗauke mahaifiyarsa a 1810, ya ɗauke ƙanensa Tom a Disamba 1818 bayan shi da kansa ya yi jinyarsa, ga shi kuma ya koyi aikin likita. Ya san cutar sarai. Ita ta kashe shi a birnin Rum a Fabrairu 1821, yana ɗan shekara 25.

Wajen shan shayi ne wani dattijo ya dafa ni ya ce, da kyakkyawar niyya, ai mu da ba mu da sauyin yanayi a Afirka da wuya irin wannan waƙa ta shige mu. Na yi murmushi kawai, gidan makoki ne.

Mu ne ba mu da yanayi? Ba sai na gaya muku abin da kaka take ba. Wa ke tunanin kabari ranar da ake jidar gero, ga dambe, ga kalankuwa, ga bukukuwan aure sun yi layi? Tsoronmu yana cikin bazara lokacin sanƙarau, da tsakiyar damina in rumbu ya yi ƙasa. Su kuwa ganye na fara zuba sun san abin da ke tafe: ƙarshen Oktoba a mayar da agogo baya, a Disamba rana ta faɗi kafin ƙarfe huɗu, tsofaffi su kulle kansu a ɗaki. Dole mawaƙansu na wancan zamani, waɗanda ake kira 'yan Romantik, su ga ajali a jikin bishiya. Shelley ma, ɗaya daga cikinsu, a 1819 ya yi wa iskar yamma waƙa kusa da Florence, ya rufe da tambayar cewa in hunturu ya zo, ai lokacin toho bai yi nisa ba. To, bishiya ta toho, mamacin fa?

Na yarda sun fi mu tsayawa su kalli abu. Bahaushe ya wuce kuka sau dubu bai lura da ranar da ta zubar da ganye ba. Amma danganar Keats ta mutum ɗaya ce, tsaye shi kaɗai a bakin gona. Nana Asma'u, da ta girme shi da shekara biyu kacal, da ɗan'uwanta Muhammadu Bello ya rasu a 1837 ba ta laɓe bayan ganye ba. Ta kira sunansa, ta jero halayensa, ta roƙa masa rahama. Haka muke: a yi wanka, a yi salla, a kai mutum makwancinsa kafin rana ta faɗi, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, masu "Allah ya ba da haƙuri" su yi ta shigowa har haƙurin ya samu. Ni dai wannan na zaɓa, ko nawa ne kyan baitin.

Sai dai saurin nan namu, mu na waje yake yanka. Da Goggo ta rasu, kafin yayana ya same ni a waya har sun dawo daga maƙabarta. A tsaye na karɓi gaisuwa, a lungun matakala a wurin aiki, ina rage murya kada a ji. Ban ce a jira ni ba, haram, ba zan taɓa cewa haka ba. Amma sadakar arba'in ma ban samu ba, hutuna ya ƙare, kuɗin tikitin Disamba kuwa kun san yadda yake.