Firam Ɗin Italiya a Ɗakinmu na Agege

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya shafe fiye da shekara ashirin yana hawan keke ƙirar Raleigh, kuma ni ne mai miƙa masa sifana duk ranar da zai ɗaure noti ko ya ɗiga wa sarƙa baƙin mai. Wannan ɗan tarihin shi ne dukkan jarin da na dogara da shi ranar da na hango firam ɗin keken tsere ɗan Kwatano a rataye a wata rumfa, babu taya, babu sirdi, babu kai, sai shuɗin fenti da wani rubutun Italiyanci da ya fara gogewa. Mai rumfar ya tabbatar mini cewa sauran kayan ba wani abin damuwa ba ne, ni kuma na gyaɗa kai irin na tsohon bakanike, na biya, na saɓa shi a kafaɗa. Yaron danfon da ya kawo ni Agege ya karɓi kuɗin mutum biyu, domin a cewarsa duk abin da ya tare kujera fasinja ne.

Da na shiga gida uwargida ta dubi abin da na jingine a bango, ta ce, "Malam, ba keke ka ce za ka sayo ba?" Na ce ai ga shi nan. Ta ƙara dubansa, ta ce, "To, Allah ya kawo sauransa lafiya."

Sauransa sun ɗauki wata biyu kafin su taru, wasu daga kasuwa, wasu ta intanet: ƙafafu biyu masu girman 700c, tayoyi sirara masu faɗin milimita 25, giya da birki ƙirar Shimano, da wani kyalle mai danƙo da ake naɗe kan keken da shi. A wannan tsakanin na kalli bidiyo har sai da na fara yi wa mutane gyara a zuci, kuma babban abin da na haddace shi ne sirrin bututun nan na ƙasan firam inda sandar feda take juyawa a kan boris. A tsarin Ingila, wanda yawancin kekuna suke bi, faɗin bututun milimita 68 ne, kuma marfin da ke riƙe boris ɗin a bakin bututun ta ɓangaren sarƙa hagu ake juya shi idan ana son ya ɗauru. Na yi alfahari da wannan ilimi ƙwarai, har na bayyana wa maigadin gidanmu shi, alhali bai tambaye ni ba.

Ranar Asabar na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na shafa wa marfin giris, na zura shi. Ya shige sumul ba tare da gardama ba, abin da na ɗauka alamar sa'a ce. Na fara juyawa hagu, na juya, na juya, har aka kira azahar marfin bai kama komai ba, yana ta yawo a ciki kamar cokali a tukunya. Na gwada dama, duk da na san haramun ne a mazhabar da na karanta, nan ma shiru. Da la'asar ta yi sai na haƙura, na sake saɓa firam ɗin na nufi wurin wani dattijo mai gyaran keke da ke kusa da layin dogo, wanda na daɗe ina wucewa ta gabansa ina jin cewa zamani ya bar shi a baya.

Bai saurari dogon bayanina ba. Ya ɗauko wata tsohuwar rula, ya ɗora a bututun, ya ce, "Ɗana, wannan 70 ne, ɗan Italiya ne. Raminsa ya fi na Ingila faɗi, kuma duka gefe biyun dama ake ɗaure su. Abin da ka sayo ko shekara za ka yi kana juyawa ba zai kama ba." Na ce, "Baba, amma a bidiyo..." Ya ce, "Mai bidiyon ya ga kekenka?" Na yi shiru. Rubutun Italiyancin nan da nake nuna wa baƙi da taƙama ashe gargaɗi ne aka rubuta mini tun farko.

Bayan mako biyu marfin da ya dace ya iso, ya ɗauru lafiya, ni kuma na fito da sabuwar ƙa'ida daga kaina cewa a keken Italiya komai dama yake tafiya. Da wannan ƙa'idar na tunkari feda. Ban kula ba cewa an buga harafin L a jikin ɗaya, R a jikin ɗayar, kuma fedar hagu a kowane keke, ko na wace ƙasa ne, hagu ake ɗaure ta don kada ta kwance yayin tuƙi. Na ɗauki wadda hannuna ya fara kaiwa, wato ta dama, na cusa ta a hannun feda na hagu, da ta ƙi shiga sai na zura wa sifanar guntun bututun ruwa don ƙarin ƙarfi. Ta shiga kuwa, a karkace, tana zubo da wani farin gari mai ƙyalli a kan tabarma. Wannan garin shi ne haƙoran alminiyon da na niƙe da hannuna. Uwargida ta zo da tsintsiya ta tambaya ko abin amfani ne ko ta share, na ce ta share, kuma ta daina kallona.

Sabon hannun feda ya ci kuɗin da na ware wa hular kwano. Naɗin kan keken na warware shi sau huɗu, har yau gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri. Sai kuma iska: mai facin bakin titinmu ya juya siririn bawul ɗin nan da ake kira Presta, ya gwada bakin injinsa ya ga bai hau ba, ya kira maƙwabcinsa su yi kallo tare, a ƙarshe suka yanke hukuncin cewa an cuce ni. Sai da na sayi famfo na musamman.

Ranar Lahadi da sassafe, lokacin da Legas take ɗan lafawa, na fito da keken yana walƙiya. Maigadi ya zagaya shi sau biyu, ya tambayi inda kariyar ɗora kaya take, da na ce ba shi da ita, sai ya ce, "Alhaji, to idan ka sayi buhun shinkafa fa?" Ban tanka ba, na hau, kuma gaskiya minti goman farko sun biya ni wahalar wata uku, domin keken yana tafiya kamar ana tura shi. Da na iso hawan gadar Pen Cinema sai na tura giya zuwa mafi sauƙi, na kuwa manta cewa akwai wasu ƙananan sukurori biyu a jikin na'urar sauya giya ta baya, masu alamar H da L, waɗanda aikinsu shi ne hana sarƙa wuce iyaka. Ban taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba. Sarƙar ta haye babban haƙori, ta zarce, ta faɗa cikin sifokin ƙafar baya da wata ƙara da ta sa masu sayar da burodi a ƙasan gada suka ɗaga kai. Ƙafar ta ƙame, ni kuma na sauka a hankali ta gefe, ba da son raina ba.

Na duba na ga sifoki uku sun lanƙwashe, na'urar giyar ta murɗe ta shige ciki, ƙafar baya kuma ko turawa ba ta yarda a yi. Na saɓa keken a kafaɗar da ta kawo shi gida ranar farko, na tsayar da danfo. Yaron motar ya dubi tayoyin biyu, ya dube ni, ya ce wannan karon kuɗin mutum uku ne.