Wai don yana karanta labarai a tashar jiha shi ne ɗan ƙauye?

Abin da ya ishe ni kwanan nan shi ne wannan sabuwar sana'a ta yanko bidiyon masu karanta labarai na talabijin ɗin jihohi ana yaɗawa a Facebook da TikTok ana sheƙa dariya, wai ya ce "fiful" maimakon "pipul", wai labulen bayansa tun zamanin soja ne. Daga nan sai a yanke hukunci, wai ɗan jaridar kirki sai Abuja ko Legas, waɗannan tashoshin na gida gara a rufe su kowa ya huta.

To masu dariya, ku je ku nemi tarihin Tom Brokaw. Mutumin nan shi ne ya riƙe labaran dare na tashar NBC a Amurka daga 1982 har 2004, shi ne kuma ya tsaya a Berlin ranar 9 ga Nuwamba 1989 yana ba Amurkawa labari kai tsaye lokacin da aka buɗe katangar nan da ta raba birnin gida biyu. A ina aka haife shi? Webster, wani ɗan gari a South Dakota, a 1940, jihar da har yau duk mutanenta ba su kai miliyan 1 ba. Babansa ma'aikacin gini ne mai tuƙa manyan motoci, yana bin aikin dam a kogin Missouri, yau suna nan gobe suna can, har suka zauna a Yankton. A nan ne yaro yana sakandare ya fara leƙa gidan rediyon garin ana ba shi makirfo. Ya tafi jami'ar Iowa wasa ya yi masa yawa ya dawo gida ba digiri, sai daga baya ya gama a jami'ar jiharsu, ya bi ta ƙananan tashoshin Sioux City da Omaha kafin NBC ta ɗauke shi a 1966.

Kuma abin da zai ba ku haushi, shi ma harshensa na da matsala, harafin L ba ya fita masa daidai, masu barkwanci sun sha kwaikwayonsa. Hakan bai hana shi zama gaban Gorbachev, shugaban Tarayyar Soviet na lokacin, a 1987 yana masa tambayoyi ba.

A ƙaramar tasha ne mutum ke koyon aikin gaba ɗaya, shi ne mai ɗauko rahoto, shi ne mai rubutawa, shi ne mai karantawa, in kuma ya yi kuskuren sunan mamaci ko sarautar wani to gobe a kasuwa ko a masallaci za a tare shi ido da ido. Wannan tsoron shi ke sa a tantance magana kafin a faɗa. Wanda ke zaune a ɗaki da waya da fitilar ɗaukar bidiyo, wa zai tare shi?

Masu cewa zamani ya canza yanzu kowa ɗan jarida ne, haba don Allah, kowa ma ai yana da Panadol a gida amma bai zama likita ba.

In dariyar ce dole a yi ta ga gwamnonin da suka bar tashoshin nan da tsohuwar kyamara da janareto mai tari, ma'aikata na cin bashi kafin albashi ya shigo. A gyara musu kayan aiki, a tura yaran horo, a daina mayar da labaran ƙarfe 7 jerin gaisuwar mai girma gwamna.