Wai binciken ƙwayar halitta ba ruwanmu? Ku tambayi mai ɗa sikila

A Aboabo da Asawase na Kumasi in yaro ya ce kimiyyar halitta zai karanta a jami'ar KNUST, ba likita ba ba injiniya ba, sai ka ji manya suna cewa to wannan kuma me zai ci da shi. Wallahi maganar nan tana ci min rai.

Kusan kowace ƙwaya a jikinka DNA iri ɗaya ne a cikinta, haruffa wajen biliyan 3, amma ta fata daban ta jini daban. Littafi ɗaya ne, kowace da shafin da ake buɗe mata. Mai kwafo shafin shi ake kira RNA polymerase II, kuma ba ya sauka inda ya ga dama, sai wasu furotin sun riga shi maƙalewa a kan DNA ɗin sun nuna mai wuri. A ƙwayoyin asali na ɗan tayi, waɗanda za su iya zama komai, furotin Oct4 da Sox2 da Nanog ne ke riƙe da wannan aiki, a 2005 ɗakin binciken Richard Young a Amurka ya gano wuraren da suke zama, ashe har junansu suke kunnawa don kar ƙwayar ta yi saurin rikiɗa. A 2006 Shinya Yamanaka na Japan ya sa irinsu guda 4 cikin ƙwayar ɓera ta koma kamar ta asali, ya ci Nobel a 2012.

To ina ruwan Zango? Sikila mana. Akwai wani shafin DNA mai suna BCL11A, shi ke kashe himogulobin na jarirai (sinadarin jinin da ke kare su daga ciwon sikila) bayan haihuwa, shi ma kuma sai furotin GATA1 ya maƙale a wani ɗan wuri kafin ya kunnu. Maganin Casgevy da Ingila ta amince da shi a 2023 wannan wurin yake yankewa a ƙwayoyin asali na ɓargo, sai jinin jarirai ya dawo, ciwon ya lafa. Waɗanda suka yi shekaru suna neman inda furotin ke zama su suka buɗe wannan ƙofa.

Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2, waye a cikinmu zai iya, alhali tun 1995 ake yi wa jarirai gwajin sikila a asibitin Komfo Anokye saboda yawan cutar a nan. In ba namu suka shiga ɗakunan bincike na KCCR a Kumasi da WACCBIP a Accra suka iya aikin da hannunsu ba, haka za mu ta jira. Masu hali a unguwa su ɗauki nauyin yara biyu uku, iyaye kuma don Allah ku bar su su karanta.