Fentin bulo da ajiyar buroshi: abin da na gani a can da nan

Tun da na bar gida na zauna a ƙasar da sanyi da danshi suka fi rana yawa, na daina yarda da maganar da muke yawan yi cewa fentin ƙasashen waje ya fi namu ƙarko. Ba a galan bambancin yake ba. Yana wajen abin da ake yi wa bango kafin a buɗe galan ɗin, da abin da ake yi wa buroshi bayan an rufe shi.

A can gida, sau da yawa birkila na sauke kayansa mai fenti na ɗora nasa. Mai gida ya matsu ya ga launi. A nan kuwa da wuya ka samu mai fentin da zai taɓa sabon bulo kafin ya yi kwana 28, lokacin da siminti ke ɗauka ya kama jikinsa. Dalilinsu mai ƙarfi ne. Sabon siminti yana da kaifi irin na soda, a ma'aunin kaifi da ake kira pH yakan kai 12 zuwa 13, kuma cike yake da ruwa. Idan aka shafa masa fentin mai, kaifin nan yana cin man ya mai da shi sabulu, fentin ya yi laushi ya riƙa saɓulewa. Fentin ruwa ya fi jurewa, amma shi ma launinsa kan ƙone ya yi dabbare-dabbare.

Sai farin garin nan da ke tsatsowa a fuskar bulo. Gishiri ne da ruwa ya narkar a cikin siminti ya kawo shi waje, ruwan ya bushe ya bar shi. Na sha ganin an bi ta kansa da rola, bayan wata biyu fentin ya kumbura, ka sa farce ya ɓare, garin yana nan a ƙarƙashi. Dole a kankare shi da buroshin ƙarfe, a share ƙurar, sannan a nemo inda ruwan ke shiga. In ba a toshe wannan hanya ba, aikin banza ake yi. Akwai gwajin da na gani a nan wanda ba ya cin komai: a yanko leda mai faɗin kamar santimita 45 kowane gefe, a manne bakinta kaf da salatif a jikin bango, a bar ta aƙalla awa 16. In an ɗaga an ga raɓa a cikinta ko wurin ya yi duhu, bangon bai shirya ba.

Inda na fi jin takaici shi ne tsinka fenti da ruwa. Bulo tsirara kamar soso yake, duk ramuka ne, kuma mai fenti da ya ga galan na ƙarewa sai ya ƙara ruwa don ya kai. Ruwan ya shige, launin ya zauna a sama ba abin da ya riƙe shi. Masu aiki a nan suna farawa da fila, wato shafin farko mai kauri da aka yi don cike ramukan bulo, su danna ta cikin ramukan da rola mai dogon gashi. Lita ɗaya ba ta wuce murabba'in mita biyu ko uku, alhali fenti na gama-gari a bango mai santsi yakan rufe kusan goma. Da gani za ka ce asara ce. Amma shafi biyu da za a bi da su a kai suna kwanciya sumul, kuma galan ba ya ƙarewa da wuri.

Yanayi ma kowa da nasa ciwon. Nan suna gudun sanyi, domin yawancin fentin ruwa ba ya kamawa da kyau ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Celsius. Mu kuwa rana ce matsalarmu: bangon da ya sha zafi yana busar da fenti kafin ya shiga jikinsa. A bi inuwa kawai.

Kan buroshi kuwa ban ba mutanen nan gaskiya ba. Da yawansu sai su sayi mai araha, su yi aiki ɗaya su jefa shara. Masu fentinmu sun fi su sanin darajar kayan aiki, sai dai hanyar ajiyar ce ke kashe shi: a tsoma shi tsaye cikin gwangwanin ruwa ko kananzir har sai wani aiki ya samu. Gashin ya lanƙwashe ba ya sake miƙewa, ƙarfen da ke riƙe shi ya yi tsatsa, katakon ya kumbura ya saki.

In gobe za a ci gaba da aiki, a naɗe kan buroshin da leda a ƙulle kada iska ta shiga, ya isa. In an gama, na fentin ruwa a wanke shi da sabulu da ruwa mai ɗumi, na fentin mai a fara da tina, wato ruwan tsinka fentin mai. A buɗe gashin da yatsu ko tsohon mataji har gindi, don nan ne fenti ke maƙalewa ya bushe ya tarwatsa bakin buroshi. Shi ya sa tun wajen aiki ba a tsoma fiye da kashi ɗaya cikin uku na gashin. A kaɗe ruwan, a daidaita bakin, a rataye shi a ƙusa gashi na kallon ƙasa, in ya bushe a naɗe shi da takarda. Kuma a ware tsohon buroshi don bulo, domin kaushinsa na cinye gashi, a bar mai kyau wa ƙofa da taga.